A Tace Darussan Na'ura Kafin A Kai Wa Yaran Katsina

Tun daga ƙarshen watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya fito da ChatGPT, aka shiga wani sabon yayi a harkar ilmi a duniya, kuma wannan yayi bai tsallake birnin Katsina ba. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sanya irin tasa na'urar a cikin WhatsApp domin mutanen Nijeriya. Ke nan duk malamin makarantar da ke riƙe da babbar waya, a Ƙofar Ƙaura yake ko a Ƙofar Marusa, yana yawo da mai rubuta masa darasi a cikin aljihunsa. Wannan abu shi ne ake kira ƙirƙirarriyar basira. Malami zai nemi ta shirya masa darasi a kan haske ko lantarki domin 'yan aji biyu na babbar sakandare, kafin ya ajiye allin da ke hannunsa ta zubo masa shirin darasin, da misalai, da tambayoyin gwaji, har da amsoshinsu.

Maganar ta fi shafar malaman fiziks, watau ilmin da ke binciken motsi da nauyi da zafi da haske da sauti da lantarki. Dalili kuwa shi ne wannan darasi ƙofa ce da ba ta da ratse. Yaron da ke son zama likita ko injiniya tilas ya ci fiziks a jarrabawar WAEC ko ta NECO, ya kuma sake haɗuwa da shi a jarrabawar JAMB. Ga shi kuma ƙwararrun malamansa sun yi ƙaranci a arewacin ƙasar nan, abin da kowane shugaban makaranta ya sani. A makarantu da yawa akan ɗora darasin a kan malamin lissafi, ko na ilmin sinadarai, ko ɗan yi wa ƙasa hidima wanda zai tafi bayan shekara guda. Irin wannan malami idan ya ga abin da zai sauke masa kaya cikin minti guda, babu mai ganin laifinsa in ya karɓa hannu biyu-biyu.

Saboda haka ya kamata hukumomin ilmi na Jihar Katsina su ɗauki matsayi tun abin bai fi ƙarfinsu ba. Matsayin da ya dace shi ne a bar malamai su yi aiki da na'urar, amma duk abin da ta rubuta kada ya hau allo sai wani wanda ya san fiziks ya bi shi ya tace, kuma kada a bari ta zama hujjar ƙin ɗaukar malamai ko ƙin gyara ɗakunan gwaje-gwaje.

Amfanin Da Ke Cikinta

Masu cewa a hana ta baki ɗaya ba su dubi halin da malamin aji yake ciki ba. Mutumin da ke koyar da azuzuwa uku na babbar sakandare, kowane aji cike da yara, ga rubuta shirin darasi da hannu domin mataimakin shugaban makaranta ya sa hannu, ga gyaran takardun gwaji, ga neman abin da zai cika albashinsa da shi da yamma, wane lokaci ya rage masa na ƙirƙiro sababbin tambayoyi? Na'urar tana iya ba shi tambayoyi ashirin a kan dokar Ohm, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Tana iya sake bayani guda ta hanyoyi dabam-dabam domin yaron da bai gane na farko ba. Tana iya tuna wa malamin da ya daɗe da barin jami'a abin da ya shige masa duhu, ba tare da ya ji kunyar tambayar abokin aiki ba.

An ma jarraba abin a ƙasar nan. A 2024 Gwamnatin Jihar Edo tare da Bankin Duniya sun yi wani gwaji na mako shida a birnin Benin, inda ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare suka riƙa koyon Turanci da taimakon irin wannan na'ura bayan an tashi daga makaranta. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka shiga shirin sun fi takwarorinsu da ba su shiga ba. Amma fa akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, akwai malamai a tsaye a kan yaran, suna nuna musu abin da za su tambaya, suna kuma gargaɗinsu a kan kurakuran na'urar. Na biyu, Turanci aka koyar. Jimlar Turanci in ta ɗan karkace mai karatu zai gane abin da ake nufi, amma a fiziks alamar ragewa guda ɗaya in ta faɗi inda bai dace ba, amsar gaba ɗaya ta lalace.

Inda Gizo Ke Saƙa

Wajibi ne a fahimci yadda abin yake aiki. An ciyar da na'urar da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, har ta ƙware wajen cankar kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, ba ta taɓa sakin dutse ta ga faɗuwarsa ba. Gaskiya ne sababbin fitowa sun fi na farko iya lissafi nesa ba kusa ba, amma har yanzu suna kuskure, kuma kamfanonin da suka ƙera su sun rubuta wannan gargaɗi da kansu a ƙarƙashin wurin da ake yin tambaya. Babbar illar ita ce muryar da take faɗin daidai da ita take faɗin kuskure, babu gargada, babu alamar shakka. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yi ba. Idan ƙwararrun lauyoyi za su faɗa wannan rami, ina ga malamin da aka ɗora wa darasin da ba fanninsa ba?

A nan ne haɗarin yake. Gogaggen malamin fiziks zai hango kuskure tun daga nesa. In aka rubuta masa cewa ƙwallon da aka jefa sama, idan ya kai ƙololuwa ya tsaya cak, jan ƙasa ya daina aiki a kansa, zai yi dariya ya soke. In aka ce masa ƙara nauyin ƙarfen da ke lilo a bakin zare zai canja lokacin zuwansa da komowarsa, ya san tsawon zaren ne ke hukunta wannan, kuma zare mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu a kowane zuwa da komowa. Shi wannan malami da ma bai cika bukatar na'urar ba. Wanda ya fi bukatarta shi ne wanda ba zai iya gane kuskurenta ba. Shi zai kwafe abin a allo, yara sittin ko fiye su kwafe a littattafansu, su haddace, su kai shi ɗakin jarrabawa. Yaron ba zai taɓa sanin inda aka cuce shi ba, sai dai ya ga sakamako ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ɗaukar kimiyya.

Bayan kuskure kuma akwai baƙunta. Mafi yawan abin da na'urar ta karanta an rubuta shi ne a Amurka da Turai, domin yaran can. Saboda haka in ba a ja mata kunne ba tana iya kawo misalin wutar gida mai ƙarfin bolt 120 da ke juyawa sau 60 a daƙiƙa, alhali wutar da KEDCO ke kawowa Katsina ta tsarin bolt 230 ce mai juyawa sau 50. Tana iya kawo misalin zamiya a kan ƙanƙara ga yaron da bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin firji da ta ruwan sama ba. Tana iya bin manhajar wata ƙasa, ta tsallake abin da Hukumar NERDC ta tsara da abin da WAEC ke tambaya.

Akwai ma wuraren da abin da ke daidai a can ba daidai ba ne a nan. Littattafan Ingila suna cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take fuskanta. Katsina kuwa tana wajen digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan tsaya a tsakiyar kai sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take karkata. Har wa yau ana cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, amma wannan a gaɓar teku ne. Birnin Katsina yana sama da teku da kimanin mita 500, saboda haka ma'aunin zafi mai kyau zai tsaya wajen digiri 98. Malamin da bai san haka ba zai ce wa yara ma'aunin ne ya lalace, ya kashe musu darasin da ya fi wanda ya shigo da shi daraja. Haka kuma saurin sauti da ake haddacewa, mita 340 a daƙiƙa, na iska mai sanyi ne. A zafin bazara, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40, ya kusa mita 355.

Sai maganar harshe. Da Turanci ake rubuta jarrabawa, amma kowa ya san malami in ya ga idanun yara sun yi zuru, Hausa yake komawa. Na'urar tana jin Hausa gwargwado, sai dai fiziks yana rarrabe abubuwan da Hausar yau da kullum ta haɗa. Kalmar ƙarfi ita ake faɗa wa turin da ke motsa abu, ita ake faɗa wa kuzarin da ke cikin man fetur, ita kuma ake faɗa wa saurin da inji ke gama aiki, alhali a fiziks abubuwa uku ne, kowanne da ma'auninsa. Kalmar nauyi ta haɗa yawan abin da ke cikin jiki da kuma jan da ƙasa ke yi masa. Kalmar zafi ta haɗa abin da ma'auni ke nunawa da abin da ke ratsawa daga wuta zuwa tukunya. Fassarar da ba ta kula da wannan ba za ta cakuɗa wa yaro daidai abin da aka shigo aji domin a rarrabe masa.

Sai An Gwada

Ko da na'urar ta daina kuskure gaba ɗaya, akwai abin da ba za ta iya ba. Takarda ta uku ta jarrabawar fiziks ta WAEC gwaji ne da hannu. Za a ajiye wa yaro ma'aunin mita da zare da agogon auna daƙiƙa, ko batir da waya da ma'aunin lantarki, ko gilashi da allurai, a ce ya auna, ya jera abin da ya samu, ya zana jadawali, ya fitar da gangarensa, ya faɗi matakan da ya ɗauka don kauce wa kuskure. Yaron da bai taɓa haɗa waya da hannunsa ba sai ranar jarrabawa, ko an karanta masa bayani mafi kyau a duniya hannunsa zai yi rawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hotunan gwaji masu motsi a kwamfuta, irin na shirin PhET da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, kyauta ne, ana iya sauke su a yi aiki da su ba tare da intanet ba, kuma masana ne suka tace su. Suna da amfani ƙwarai wajen share fage, amma su ma ba su ɗauke wa makaranta wajibcin mallakar ɗakin gwaje-gwaje ba.

Abin tsoro shi ne wata rana wani jami'i ya dubi kuɗin ɗaukar malamin fiziks da na sayen kayan gwaji, ya dubi kuɗin raba wayoyi ko ƙananan kwamfutoci, ya ga na biyu ya fi araha kuma ya fi kyau a hoto ranar bikin ƙaddamarwa. Ranar da aka yi wannan lissafi, 'ya'yan masu hali za su ci gaba da samun malami da ɗakin gwaji da na'ura a makarantun kuɗi, 'ya'yan talakawa a bar su da na'ura kaɗai.

Katsina ba garin da za a koya wa darajar malami ba ne. A nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma domin horar da malamai aka kafa ta. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa da Abubakar Imam duk ta nan suka bi, kuma kowannensu alli ya fara riƙewa kafin wani abu. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin ilmin sinadarai ne kafin ya zama gwamna a 1999, ya kuma kafa jami'ar jiha a 2006. In aka koma baya kuma akwai Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Shi hatimi ba a yarda da shi don kyawun zane. Sai an tara kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, an ga jimla ɗaya ce, kuma gida guda in ya ɓaci an rushe aikin. Malaman zaure ma tun can ba sa karɓar magana sai sun ji daga wa aka ɗauko ta. Wannan al'ada ta bincike ita ce ya kamata a tarbi sabuwar na'ura da ita, domin ita ba ta da malamin da za ta ce a wurinsa ta yi karatu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, ma'aikatar da ke kula da ilmin sakandare tare da hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jiha su kafa kwamitin gogaggun malaman fiziks, a haɗa da malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, da reshen jiha na Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, watau STAN, wadda ke wannan aiki tun 1957. Su yi amfani da na'urar domin saurin aiki, su bi manhaja babi-babi daga aji ɗaya zuwa aji uku, su warware kowace tambaya da hannunsu, sa'an nan su sa sunayensu a kan abin da suka amince da shi. A biya su ladan aikin yadda ya kamata. Abin da mutum ya sa wa hannu yakan kula da shi, kuma in an sami kuskure an san ƙofar da za a buga.

Na biyu, a buga abin da aka tace a takarda a raba wa makarantu. Ba daidai ba ne a bar malami yana sayen data daga albashinsa, yana neman inda zai yi cajin waya, domin aikin gwamnati. Takarda ba ta jiran wuta, kuma za ta kai makarantar ƙauye kamar yadda za ta kai ta cikin birni.

Na uku, a cika darussan da misalan gida. A Lambar Rimi, gab da birnin, an kafa injinan iska 37, kowanne an ƙera shi ya ba da kilowat 275, jimla kimanin megawat 10. Yaro zai iya yin wannan lissafi da kansa, ya kuma koyi cewa in saurin iska ya ninka biyu, abin da ke cikinta na wuta yana ninka takwas. Ruwan da ake turowa daga madatsar Ajiwa darasi ne a kan matsin ruwa. Guga da kurar rijiya darasi ne a kan inji mai sauƙi. Dutsen da aka saki a rijiya ya ɗauki daƙiƙa biyu kafin ya taɓa ruwa ya yi tafiyar kimanin mita 20. Randar ƙasa da ke sanyaya ruwa, da tartsatsin da ke kama hannu in an taɓa ƙofar mota da hunturu, da faifan hasken rana da ke bisa rufin shaguna, duk fiziks ne. Na'urar za ta iya gina tambayoyi a kan waɗannan, amma sai ɗan gari ya faɗa mata suna nan.

Na huɗu, masana Hausa na jami'o'in jihar, da taimakon Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, su zauna da malaman fiziks su daidaita ƙaramin jerin kalmomi, domin malamin Katsina da na Funtuwa da na Daura su riƙa kiran abu guda da suna guda.

Na biyar, a horar da malamai, kuma horon ya fi ba da ƙarfi a kan kama kuskure. A ba malami darasin da na'ura ta rubuta a ce ya nemo inda ta karkace. A koya masa ya faɗa mata manhajar da yake bi da ƙasar da yake, ya sake lissafa kowace amsa, ya gwada ta da littafin da aka amince da shi. A kuma hana shi zuba sunayen yara da makinsu a cikinta, domin akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Hukumar UNESCO ma a jagorar da ta fitar a watan Satumba na 2023 ta nemi gwamnatoci su kafa ƙa'idoji su horar da malamai kafin a saki abin a makarantu.

A ƙarshe, duk kuɗin da aka ware wa wannan sabon abu kada ya fito daga kason ɗaukar malamai ko na kayan gwaji. A ci gaba da neman matasan da suka karanta fiziks, a ba su alawus ɗin da zai zaunar da su a aji, a ɗauki masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, a sayi batir da waya da gilashi tun farkon zango. Iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ma suna da hakkin tambaya. In yaro ya dawo gida, uba ya tambaye shi sau nawa ya shiga ɗakin gwaji a wannan zango, in amsar babu ce, a kai maganar taron iyaye da malamai.

Asibitocin jihar suna jiran likitoci, ma'aikatar ruwa da ta ayyuka suna jiran injiniyoyi, kuma waɗanda za su cike guraben suna zaune yau a aji biyu da aji uku. Abin da aka rubuta musu a allo a bana shi za su ɗauka su tafi da shi. Lalle ne hukumomi su tashi tsaye tun kafin zangon karatu mai zuwa. Allah ya ba shugabanni ikon yin abin da ya dace, ya kuma saka wa malamai da alheri.